Tukunyar Marayu a Kasuwar Kwastam: Littafin Sakatare

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Bayan La'asar muka haɗu a rumfar hatsin Baba Alhaji, shugaban ƙungiyarmu, kowa ya samu buhu ya ɗosana. Ma'aji bai tsaya doguwar shimfiɗa ba. Kuɗin da wata ƙungiyar agaji take turo mana duk wata uku ya shigo na ƙarshe, kuma takardar da ta biyo bayansa ta ce ba za a sabunta yarjejeniya ba. Abin da ke asusu zai kai mu ƙarshen Oktoba idan an tsuke hannu. Ga makarantu suna komawa, iyayen yara sun fara sintiri kan yunifom da littattafai.

'Yan kasuwa ne muka kafa ƙungiyar nan, lokacin da mutanen Bama da Dikwa da Gamborun Ngala suka kwararo cikin garin Maiduguri a 2014. Aikinmu bai wuce uku ba: karin kumallon marayu, kayan makaranta, sai kuɗin magani idan ciwo ya kwantar da uwa ko ɗa. Da farko daga aljihunmu ake yin komai. Da aka samu mai ɗaukar nauyi daga waje, sai masu bayarwa suka janye ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa ai masu farar mota sun karɓa.

Yanzu farar motar ta yi wuyar gani. Ranar 20 ga Janairu Donald Trump ya dakatar da tallafin da Amurka take ba ƙasashen waje, ranar 1 ga Yuli kuma aka rufe USAID. A watan Yulin ne hukumar samar da abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, ta yi shelar cewa tallafin mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas zai tsaya, kuma cibiyoyin yara masu tamowa fiye da 150 a Borno da Yobe suna fuskantar rufewa. Kuɗin irin wannan aiki daga babbar hukuma yake gangarowa zuwa matsakaiciya, kafin ya iso ga irinmu. Idan aka rage a sama, na ƙasa ake fara sallama.

Baba Alhaji ya saurara har aka gama, sannan ya ce: "Yarana, ku ba ni mako guda na yawo. Kowa ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar da ya sani. Litinin mai zuwa mu ji abin da aka samo."

Talata, 9 ga Satumba

Da sassafe ni da Ma'aji muka shiga kasuwa ta ɓangaren 'yan gwari. Motocin tattasai da albasa suna sauke kaya, 'yan dako suna ta "hanya, hanya", Keke Napep ta cushe tun daga ƙarƙashin gadar sama, wadda Buhari ya buɗe a Disambar 2021. Mun fito ne da shawarar karo-karon kullum: Naira 200 daga kowace rumfar da ta amince. Ma'aji ya buga lissafin a bayan kwali. Rumfa 150 za ta ba da 30,000 a rana, wato 900,000 a wata idan babu fashi. Babu attajirin da zai ba mu haka duk wata ba tare da gajiya ba.

A kan kwali abin ya yi kyau. Mai tumatir na farko da muka tara ya zaro tikiti uku daga aljihu, na shara da na gadi da na ƙungiyar sana'arsu, ya ce: "Malam Sakatare, ku ne na huɗu tun safe." Da muka juya za mu tafi sai ya kira mu. Ya nuna kwandon da ya ware gefe, na tumatirin da ya fara laushi amma bai lalace ba. Kuɗi yana masa wuyar fitarwa, in ji shi, amma wannan kullum akwai, mu turo yaro kafin Magariba.

Haka muka yi ta ji a layin hatsi. Farashin gero da masara ya faɗi bana, waɗanda suka tara kaya da tsada suna cikin asara, kuɗi ya yi ƙaranci a hannu. Amma mudu ɗaya a duk buhun da aka farke, mutum nawa suka ce wannan ba komai. Sai dai kyautar kaya tana da nata kuɗin: mai ɗauka, kuɗin Keke, wurin ajiya, kuma kayan gwari dole a dafa su a ranar.

Darasin yau daga mai adashi muka ɗauke shi. Mun tsaya muna kallonsa yana bin rumfuna da ɗan kati, yana karɓa yana sa hannu, bai wuce daƙiƙa kaɗan a kowane tebur ba. Ba ya roƙo, ba ya wa'azi. An san lokacin zuwansa, an san katinsa, an kuma san ranar kwasa ba ya saɓawa. Muka tambaye shi ko zai haɗa da katinmu a zagayensa. Ya ce sai ya yi tunani, domin idan kuɗin marayu ya yi batan dabo a hannun ƙungiya, sunansa ne zai ɓaci a kasuwa.

Laraba, 10 ga Satumba

Yau shekara ɗaya cif da ɓallewar madatsar Alau. Kowa a kasuwa da labarinsa. Har yanzu akwai bangon da ke ɗauke da zanen inda ruwa ya tsaya. Kogin Ngadda ya shanye Gwange da Gamboru da Shehuri, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, ya kai har gidan zoo na Sanda Kyarimi. Tun ambaliyar 1994 ba a ga irinsa ba. Sansanin Bakassi da aka rufe a 2021 sai da aka sake buɗe shi.

Ban taɓa ganin kuɗin taimako ya zubo wa Maiduguri kamar a makonnin nan ba. Marigayi Alhaji Aminu Dantata ya tako da ƙafarsa ya ba da Naira biliyan 1.5. Dangote da Abdussamad Rabiu na BUA da gwamnonin jihohi duk sun kawo nasu ga gwamnatin Zulum. Mu ma a ƙaramin matakinmu waya ba ta huta ba: 'yan Borno mazauna Legas da Abuja da Fatakwal da Saudiyya suna ta tambayar lambar asusu. Da ruwa ya janye, hotuna suka daina yawo, kuɗin ma ya ɗauke. Bala'i yana buɗe hannun mutane, amma yunwar yaro a ranar Talatar da babu labarin komai ba ta da mai yaɗa ta.

Da hantsi wani daga cikinmu ya kawo shawarar gidauniya: a kama zaure, a buga kati, a gayyato babban mai ƙaddamarwa da 'yan siyasa. Ma'aji ya yi murmushi. Ya ce duk wanda ya taɓa shirya gidauniya ya san yadda ake. A lasifika a ambaci miliyoyi, a yi tafi, washegari ka fara bin alkawari ofis-ofis har takalminka ya ƙare, kuɗin zaure da lemo kuma tuni ka biya. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Littafin da ya fito da shi daga jaka ya fi jan hankalina. Ashe duk wanda ya turo kuɗi lokacin ambaliya ya rubuta sunansa da lambarsa. Ya ce waɗannan sun riga sun yarda da mu sau ɗaya. A aika musu bayanin inda kuɗinsu ya tafi, sannan a tambayi kowa ko zai ɗauki wani abu ƙarami duk wata, ko da kuɗin kumallon yaro ɗaya ne.

Alhamis, 11 ga Satumba

Bayan Asuba muka je gidan Goni, limamin unguwarmu, kan batun zakka. Baba Alhaji ya yi bayani, ya rufe da cewa: "Allah gafarta Malam, idan 'yan kasuwa suka ba mu zakkarsu, ai matsalarmu ta ƙare."

Goni ya ce mu dakata. Zakka tana da masu ita, kashi takwas da Suratut Tauba ta lissafa, kuma maraici kaɗai ba ya cikinsu. Maraya yana cin zakka ne idan matalauci ne. Sannan a mazhabarmu ta Malikiyya ana damƙa ta ne ga mai haƙƙi ta zama mallakarsa. Ba a gina aji da ita, ba a biyan hayar ofis, ba a sayen babbar tukunyar ƙungiya. Idan muka karɓa, mu 'yan aike ne kawai.

Ya kuma warware mana abin da 'yan kasuwa da yawa suke ruɗewa a kai. Mai saye da sayarwa kullum, irin mai tebur da mai shago, yakan ƙiyasta kayansa sau ɗaya a shekara, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran karɓa. Idan ya kai nisabi, kimar dinari 20, wajen giram 85 na zinariya, sai ya fitar da kashi 2.5 cikin 100. Mai ajiye kaya yana jiran farashi kuwa, sai ranar da ya sayar. Manomi kuma ranar girbi yake fitarwa: ɗaya cikin goma idan noman damina ne, rabin haka idan da wahalar ban ruwa aka samu. Ya ce idan muka taya mutane wannan lissafi, da yawa za su ba da ta hannunmu, domin ba rowa ce ke hana wasu ba, rashin sanin yadda ake yi ne.

Na tambaye shi: to haya da albashin mai dafa abinci fa? Ya ce wannan aikin sadaka ne da wakafi. Ya kawo gonar Sayyidina Umar ta Khaibar, wadda aka tsare asalinta ana ciyar da amfaninta, da rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya wa mutanen Madina. Ya ce Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, Sakkwato ma tana da ta zakka da wakafi, amma babu abin da ya hana mutum ɗaya ya tsayar da hayar shagonsa ga marayu, muddin an rubuta, an kafa shaidu, magada sun sani.

A hanyar dawowa Ma'aji ya tsaya ya sayi sababbin littattafai uku. Ɗaya na zakka, ɗaya na sadaka, ɗaya na kaya.

Juma'a, 12 ga Satumba

Goni ya yi mana sanarwa bayan sallah, aka zagaya da faranti. An samu abin da aka samu, alhamdu lillahi, amma a ƙofar masallaci ba mu kaɗai ba ne. Ga mai gyaran rufin masallaci, ga mai takardar asibiti, ga almajirai. Ba wurin da za a jingina tukunyar kullum ba ne.

Da yamma gardama ta tashi. Ƙaramin cikinmu, yaron da ke sana'ar POS a bakin kasuwa, ya zo da shirinsa na Facebook da TikTok da zauren WhatsApp. Ya ce mini: "Yaya, mutane sai sun gani suke bayarwa. A ɗauki yaran suna cin abinci, a ɗauki uwa tana bayanin halin da take ciki." Hajja mai turare, wadda ke jagorantar ɓangaren mata, ta ajiye mayafinta a kafaɗa ta ce: "Ɗana, yarinyar da za ka ɗauka da kwano a hannu, nan da shekara kaɗan za a zo neman aurenta. Hoton yana nan a wayar mutane." Aka yi shiru. Daga baya aka daidaita: a ɗauki tukunya, a ɗauki buhuna, a ɗauki rasit da shafin littafin Ma'aji, fuskar yaro kuwa a'a.

Yaron ya kawo wata maganar da babu mai musunta ta. Mutumin da ke Legas ba ya son tura kuɗi a asusun da ke ɗauke da sunan mutum ɗaya. Asusu da sunan ƙungiya kuma yana buƙatar rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, tare da buga sanarwa a jaridu biyu da jiran kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sai takardar SCUML da ke ƙarƙashin EFCC. Akwai kashe kuɗi, amma babu wata hukuma ko kamfani da zai dube mu ba tare da su ba. Ya buga misali da Barista Zannah Mustapha, wanda ya buɗe makarantar marayu ta Future Prowess a nan garin a 2007 da yara 36, har ya karɓi kyautar Nansen ta hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017. Ya ce irin wannan tafiya ba a yin ta da asusun aljihu.

Baba Alhaji ya tuna mana fatun layya. Izala ta daɗe tana tara su duk Babbar Sallah daga gida-gida, abin da mutum ɗaya ba ya ɗauka a bakin komai, ta mayar da shi kuɗin gine-gine. An rubuta a jerin abin dubawa, da sharaɗin kada mu shiga gonar da wasu suka riga suka share.

Asabar, 13 ga Satumba

Yau batun jari. Kowa da abin da yake so ƙungiya ta mallaka. Wani ya ce injin markaɗe kusa da 'yan gwari. Wani ya ce Keke Napep, tun da an hana babur a garin nan tun 2011, fasinja ba ya yankewa. Yaron POS ya ce firiza mai sola: wanda ya ga yadda ake layin ƙanƙara a Maiduguri cikin azumin bazara ya san akwai kuɗi a ciki, kuma tun da aka kayar da turakun wuta a 2021 gari ya daɗe cikin duhu, mutane sun koma wa hasken rana.

Ma'aji ya yi tambayoyi uku a kan kowanne. Wa zai tsaya a kai kullum? Idan ya lalace, daga wane littafi za a gyara? Idan mai kula da shi ɗan'uwan wani ne a cikinmu kuma ya ci amana, wa zai iya korarsa? A kan Keke aka fi daɗewa, domin kowa ya san labarin balas ɗin da ke zuwa daidai a watan farko, daga nan sai taya, sai inji, sai 'yan sanda sun kama.

Ana cikin haka Bulama, mai unguwa, wanda ya leƙo gaisuwa, ya jefo maganar da ta sauya zaman. Ya ce ya ji muna lissafin ƙofofi: karo-karo, mudu, zakka, hayar shago, inji. "Duka a ina suke?" Muka ce a kasuwa. Ya ce to ranar 26 ga Fabrairun 2023 da wuta ta cinye Kasuwar Monday, mai ba da zakka ya wayi gari yana neman a ba shi. Bara da ruwa ya shigo nan, rumfa da inji da hatsin ajiya rana ɗaya suka tafi, kuma ranar ce marayu suka fi bukatarmu. Ƙofa biyar a gini ɗaya, idan ginin ya faɗi, duka sun rufe.

Babu wanda ya yi wannan tunanin a cikinmu. Littafin sunayen mutanen Legas da Saudiyya ya tashi daga ƙarin alheri ya koma ginshiƙi. Aka kuma amince a riƙa ware wani abu daga sadakar kowane wata, har a tara abin da zai riƙe tukunya wata uku, a banki, ba a rumfa ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Hajja ta tara iyayen yaran a gidanta, ta ce in zo da biro. Tsakar gidan ƙamshin sandal da hawi ya cika shi, ga kasko a wuta ana soya itacen turare da sukari, 'yan mata biyu suna ɗura humra a ƙananan kwalabe. A gefe wata mata 'yar Bama tana ɗinkin hula, allura tana shiga tana fita ba ta ko duba.

Na zaci kuka za a yi da jin kuɗi ya yanke. Wata dattijuwa ta ce mini: "Ɗana, kunun da kuke dama wa yarana na gode. Amma da za ku ba ni kuɗin kunun wata shida a dunƙule, da na sayi kaskon suya na dama musu da kaina." Sauran suka goya mata baya. Suna da adashinsu tuni, na kuɗi kaɗan duk mako. Turaren wuta da humrar Maiduguri suna da kasuwa a Kano da Kaduna da Abuja, ana aika su ta mota daga Tashar Kano, abin da ya rage musu shi ne jarin sayen kayan haɗi da yawa a farashin sari.

Nan maganar Goni ta samu wurin zama. Zakkar da ba ta halatta mu biya haya da ita, ta halatta a damƙa wa uwa matalauciya ta zama jarinta. Duk gidan da ya tsaya da ƙafarsa, kwano ya ragu a layinmu, kuma rage masu jira daidai yake da ƙarin kuɗin shiga. Hajja ta ce waɗanda suka samu za su riƙa sa wani abu a asusun sadaka don na baya, da son ransu. Na ce sai na tambayi Goni, kada ya zama sharaɗi a kan zakka.

Litinin, 15 ga Satumba

An cika a rumfar Baba Alhaji har waje. Na karanta abin da aka tsayar, kowane kuɗi da aikinsa. Mudu da kayan gwari na tukunya ne. Karo-karon kullum na itace da mai da albashin mai dafuwa da kuɗin Keke. Zakka ta iyayen yara ce, a hannunsu, a matsayin jari. Gudummawar wata-wata daga mazauna nesa ta kayan makaranta ce da ajiyar ko-ta-kwana. Za mu ci gaba da rubuta wa manyan ƙungiyoyi takarda, amma abin da ake saye sau ɗaya za mu nema, kamar firiza da sola, ba abincin gobe ba. Keke an ajiye maganarta. Wani dattijo mai shaguna ya ce zai yi shawara da 'ya'yansa kan wakafin ɗaya.

Mai adashi ya zo da amsarsa. Zai ɗauki katinmu, da sharaɗi biyu: kuɗi ba ya fita sai da hannun mutum uku, kuma duk Juma'ar ƙarshen wata a manna lissafi a ƙofar masallacin kasuwa, shiga da fita, kowa ya karanta. Wani ya ce wannan tonon asiri ne. Ma'aji ya ce shekara nawa muna cika wa baƙi fom da rasit duk wata uku, bai ga dalilin da maƙwabcin da ya ba da Naira 200 zai kasa ganin abin da baƙo ya gani ba. Aka amince.

Duk da haka lissafin bai cike ba. Rumfunan da suka sa hannu ba su kai rabin abin da muka buga a kwali ba, kuma rajistar CAC za ta ci nata. Daga Nuwamba kumallo zai koma ranakun makaranta kawai, kuɗin magani kuma sai na gaggawa, har mu ga abin da girbi zai kawo. Ni aka ɗora wa sanar da iyaye wannan, da rubuta saƙon farko ga mutanen littafin ambaliya. Yaron POS zai buga katin, mai adashi zai fara zagaye da shi ranar Laraba daga layin 'yan albasa.